Tuta a Ƙirji, Dalma a Ƙasa: Auna Kishin Ƙasar Ɗan Siyasa daga Anka, Bukkuyum da Gummi

Tsakure

Wannan takarda ta tsaya kan tambaya ɗaya: idan aka zo auna kishin ƙasar ɗan siyasa, shin alamomin da yake nunawa a bainar jama'a, irin su maƙala tuta a ƙirji, miƙewa tsaye don taken ƙasa da halartar faretin ranar 'yancin kai, suna da wani nauyi? An nemi amsar a ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi, inda aka bi sawun abin da shugabanni suka yi da abin da suka bari a lokacin annobar gubar dalma ta 2010, da kashe-kashen Janairun 2022, da ambaliyar 2024. Matsayin takardar shi ne alama alƙawari ce da mai ita ya ɗauka a gaban shaidu. Tana da nauyi, sai dai nauyin a wuyan mai ita yake, kamar bashi.

Gabatarwa



A watan Oktoban 2007 wani ɗan jarida a jihar Iowa ta Amurka ya lura cewa Barack Obama, wanda a lokacin yake neman tikitin takarar shugaban ƙasa, ba ya maƙala ɗan bajen tutar ƙasarsu a kwat kamar sauran 'yan siyasa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa a ganinsa bajen ya zama mafakar masu gudun ainihin aikin kishin ƙasa. Maganar ta bi shi har muhawarar da suka yi da Hillary Clinton a Afrilun 2008, daga baya kuma aka ga bajen ya koma ƙirjinsa. A Satumban 2015 jaridun Ingila suka yi wa ɗan siyasa Jeremy Corbyn ca, saboda ya tsaya shiru ana rera taken ƙasa a wani taron tunawa da mazan jiya.

Mu ma muna da namu. A 1984, a ƙarƙashin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, an mai da haddar taken ƙasa da rantsuwar biyayya abin da ake tuhumar ma'aikaci a kai. A 2024 kuma aka sauya taken baki ɗaya. To amma muhawarar da ake yi a Washinton ko Abuja muhawara ce ta mutanen da suka kwana lafiya. Na zaɓi in kawo tambayar yammacin Zamfara ne domin a nan, idan hukuma ta makara, a maƙabarta ake ganin sakamakon.

Kishi da tuta a idon Bahaushe

Kalmar da muka zaɓa wa wannan hali tana da abin lura. Muna iya cewa son ƙasa, amma abin da ya zauna a bakinmu shi ne kishin ƙasa. Tushensa ɗaya da kishiya. Mai kishi shi ne wanda ba ya iya ganin an taɓa abinsa ya ci gaba da zama. So yana iya kwanciya a zuciya shekara da shekaru ba wanda ya sani, kishi kuwa ranar da aka yi wa abin da kake so illa yake bayyana. Don haka harshen da kansa ya riga ya nuna mana ranar da ya kamata mu sa wa ɗan siyasa ido.

Ita ma tuta ba Turawa suka kawo mana ita ba. Bayan hijirar 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba almajiransa tutoci: Modibbo Adama, Buba Yero, Yakubun Bauchi, Umarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau. Wanda ya karɓi tuta ya karɓi amanar jama'ar wani yanki, kuma akwai wanda zai tambaye shi yadda ya yi da ita. Tun a wancan zamani aka fara ganin masu riƙe alama su saki amana. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi a 1807 ya nufi gabas saboda ɓacin ran yadda son dawaki da tufafi da sarauta ya shiga zukatan wasu abokan tafiya, har mutanen Kano suka tsai da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake riƙon jama'a. Malamanmu suna da sunan wannan cuta: riya, yin aiki don a gani.

Duk da haka Bahaushe bai taɓa raina zahiri ba. Shi ne ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi ne kuma ya ce zumunta a ƙafa take. A ƙasar Zamfara, wanda aka yi maka rasuwa bai zo gaisuwa ba, ko ya aiko da buhun gero, akan daɗe ana tuna masa. Wato a wurinmu akwai alamar da ke da daraja ƙwarai, kuma ita ce wadda mutum yake takawa da ƙafarsa ya kawo.

Tsarin Mulkin 1999 ma ya haɗa ɓangarorin biyu. Sashe na 24 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da take da rantsuwar biyayya. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Na farko yana kan kowa, manomi da gwamna. Na biyu yana kan mai mulki. Ɗan siyasar da ya cika na farko ya yi abin da ɗan firamare ke yi kowace safiya a layin asambule.

Bagega

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka ci karo da wani abu da bai yi kama da sanƙarau ba. Yara ƙanana suna amai, suna suma, suna jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. A Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyukan biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan.

Dalilin bai ɓuya ba da aka duba. Farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowane oza a kasuwar duniya, noma kuwa ba ya riƙe gida daga kaka zuwa kaka. Magidanta suka riƙa kawo dutsen da suka haƙo cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a kan tabarma da kwanon abinci da ƙasar da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. A wasu wurare an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara 400 ne. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jini, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa.

A wannan shekarar, ranar 1 ga Oktoba, Nijeriya ta yi bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai. An yi fareti a Dandalin Eagle, an ƙawata Abuja da kore da fari, kowane babban mutum ya miƙe don taken ƙasa. Ba na ganin laifin ƙasa ta yi murnar shekarunta. Abin da nake so mu riƙe shi ne a ranar da alamomin kishin ƙasa suka fi kowace rana yawa a tarihinmu, ba a gama kankare ƙasar tsakar gidajen mutane da fatanya a Anka da Bukkuyum ba, kuma mafi yawan kuɗin aikin da ƙwararrunsa daga waje suka zo.

Aikin yana da ƙa'ida mai tsauri. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ya ɗauko ta. Sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa an binne ta nesa, an zubo sabuwa, sannan likita ya fara. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan muhalli na jiha da matasan ƙauyukan, sun tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, 'Yargalma da Tungar Guru. Masarauta da hakimai suka taimaka wajen fitar da niƙan dutse bayan gari. Waɗannan mutane sun cancanci a ambace su duk lokacin da ake zancen kishin ƙasa. Aka bar Bagega, wadda ta fi sauran girma, da yara wajen 1,500 suna jiran magani.

A Nuwamban 2011 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850. Kuɗin bai fito ba. A Fabrairun 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan halin da yaran ke ciki. A watan Mayu aka shirya babban taro a Abuja kan gubar, aka gayyaci ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai, ba wanda ya zo da kansa a cikinsu. Damina ta sauka ta wuce. Sai da wasu matasa ƙarƙashin shirin Follow the Money, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin ceto Bagega a intanet, sannan a ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin. Aka fara kwashe ƙasa, a watan Afrilu MSF ta fara ba yaran Bagega magani.

Wata goma sha huɗu tsakanin alƙawari da cikawa. Ga babban mutum wannan jinkirin ofis ne. Ga yaro ɗan shekara biyu ya fi rabin rayuwarsa, kuma a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke tsirowa. Duk jami'in da takardar sakin kuɗin ta kwana a teburinsa yana da tuta a ofishinsa, kuma ina kyautata zaton da yawa cikinsu sun yarda a ransu cewa suna son Nijeriya. Abin da Bagega ta nuna shi ne wannan son bai kai matsayin kishi ba, domin an taɓa abinsu sun iya zama.

Jaje

Da nan na tsaya, da sai a ce takardar ta yanke cewa alama banza ce. Abin da ya faru a 2022 ya hana ni faɗin haka.

Tsakanin 4 da 6 ga Janairu 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin da suka yi jana'iza suka ce adadin ya kai wajen 200. Gwamna Bello Matawalle ya je jaje, tawagar gwamnatin tarayya ma ta zo jihar. Aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari zai zo Gusau ranar 27 ga wata, bayan ya ƙaddamar da sabon sashen masana'antar siminti a Sakkwato. Jama'a suka taru, sai aka ce yanayi ya hana jirgi tashi. Ya aiko da saƙon bidiyo yana ba da haƙuri.

Ba ni da dalilin ƙaryata uzurin, wanda ya san hazon Janairu ya san yana tsai da jirgi. Amma tambayar da mutane suka yi ta yi ita ce: ba hanyar mota ne? Daga Sakkwato zuwa Gusau kilomita ɗari biyu ne da 'yan kai, kuma hanyar ta ratsa Talatar Mafara, maƙwabciyar Anka. Zuwansa ba zai dawo da rai ko ɗaya ba, su ma masu jiransa sun san haka. Ciwon da rashin zuwan ya bari shaida ce cewa akwai alamar da talaka ke ƙidayawa.

Me ya bambanta jaje da baje? Jaje yana cin mai yinsa. Sai ya bar abin da yake yi, ya bi hanyar da talaka ke bi da fargaba, ya zauna gaban sarki da iyayen waɗanda aka kashe ya ji abin da ba ya son ji. A Anka ta 2022 zai ga 'yan gudun hijira da suka kafa bukkoki a filin sabon gidan sarki da ba a gama ginawa ba. Kuma ba zai tashi ba sai ya faɗi abin da zai yi, a gaban mutanen da ba za su manta ba. Baje kuwa mai hidima ne ke maƙala masa shi da safe.

Sai dai shi ma jajen ana iya ƙwaƙule cikinsa a bar ɓawo. Mun saba ganin ayarin motoci ya tsaya a fada, a sauke buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, a juya kafin la'asar, ƙauyen da aka ƙona ba wanda ya taka shi. Bayan wata biyu manoman wannan ƙauye suna haɗa kuɗin harajin da 'yan bindiga suka yanka musu kafin su bar su su shiga gona. Irin wannan zuwa ya koma sahun baje.

Kwana shida

Ranar 23 ga Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudurin dawo da taken ƙasa na 1960 karatu na ɗaya da na biyu da na uku a zama guda. Majalisar Dattawa ta amince ranar 28, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu ranar 29. An jingine taken da aka yi amfani da shi tun 1978 cikin kwana shida. Na san gwamnatin 2011 daban, ta 2024 daban, kuma yin doka ba sakin kuɗi ba ne. Amma injin hukumar ɗaya ne, kuma ya nuna mana yana iya gudu idan masu tuƙa shi sun so. Saurin da shugaba ke ba wani al'amari yana cikin abubuwan da suka fi fallasa inda zuciyarsa take.

A daidai wannan lokaci gawar Taiwo Akinkunmi, mutumin da ya zana tutar Nijeriya a 1959, tana ajiye tun rasuwarsa a Agustan 2023, iyalinsa suna jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alƙawari. Sai bayan shekara guda aka binne shi a Ibadan.

A Agustan 2024 ruwa ya ci Gummi ya raba dubban mutane da gidajensu, Gwamna Dauda Lawal ya je ya gani da idonsa. A watan Satumba kwalekwalen da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife a gulbi, gomman mutane suka rasu. Saƙonnin ta'aziyya sun fito, kuma ya dace su fito. Hukuncin da za a yi wa waɗannan alamomi yana ga abubuwan da kowa zai iya zuwa Gummi ya duba: magudanan ruwa, matsugunin da aka ce za a ba waɗanda ruwa ya kora, rigunan kariya a mashigi, da jirgin da ba a loda masa fiye da ƙarfinsa.

Abin da za a iya aunawa

Akan ce kishin ƙasa a zuciya yake, ba a riga ba. Gaskiya ne, amma maganar ba ta taimaki mai zaɓe ba, domin zuciya Allah kaɗai ke ganin ta. Duk abin da za mu auna ɗan siyasa da shi zahiri ne. Kasafin kuɗi zahiri ne, rijiyar burtsatse zahiri ce, halartar zaman majalisa ranar da ake maganar Bukkuyum zahiri ne. Rabon da ya kamata mu yi shi ne tsakanin zahirin da ke cin mai shi da wanda ba ya cin sa komai. Farar riga da jar hular Malam Aminu Kano sun zama alama mai ƙarfi ne saboda gidansa na Gwammaja da abin da ya bari ranar da ya rasu a 1983 sun gaskata su. Shugaba Mobutu ya sauya wa ƙasarsa suna zuwa Zayar a 1971, ya hana sa kwat irin na Turawa, ya ɗora hular fatar damisa da sunan komawa asali, a lokaci guda yana kwashe dukiyar Zayar zuwa Turai.

Ina kuma ƙin ra'ayin masu cewa a watsar da tuta da take gaba ɗaya. A yankin da ɗan bindiga ke karɓar haraji, yana yanke hukunci tsakanin mutane, yana ba da izinin noma, tambayar wace hukuma ce ke mulki ba ta cikin littafi ba ce. Tutar da ke kaɗawa a makarantar da malami ke zuwa, ko a asibitin da ke da ma'aikaci da dare, tana faɗa wa yaron ƙauye cewa yana da ƙasa. Wadda ke kaɗawa a kan ajin da aka rufe shekara uku tana koya masa cewa alamar hukuma ba ta nufin komai, kuma yaron da ya koyi wannan darasi ba shi da wuyar ja zuwa daji. Saboda haka ɗan siyasar da ke yawan nuna alama ba tare da aiki ba yana rage darajar alamar ga kowa, har ga sojan da ke kwana a rami a hanyar Bagega da tutar nan a kafaɗarsa.

Akwai haɗari na biyu: a mai da alama sanda. Wanda ya fito ya faɗi adadin mutanen da suka binne, ko ya tambayi inda kuɗin tsaro suka shiga, sai a ce yana ɓata sunan jiha, ba shi da kishi. A ma'anar kalmar da muka fara da ita, shi ne ya kasa zama da aka taɓa abinsa.

Shawarata ga masu nazarin siyasa a jami'o'inmu na Gusau da Sakkwato ita ce mu buɗe kundi. A tattara kowane alƙawari da gwamna ko minista ko sanata ko ɗan majalisa ya ɗauka a fadojin Anka, Bukkuyum da Gummi tun daga 2010, da ranar da ya ɗauka, da ranar da aka cika in an cika. Jaridu da gidajen rediyo suna da mafi yawansu a ajiye, fadawa da dattawa suna riƙe da sauran a ka. Akwai shafin da ke jiran a cike shi yanzu. A 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jiha, a Disamban 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun Afrilun 2019. Dutsen da ke ƙarƙashin Bagega da Sunke bai canza ba, farashin zinariya kuma ya zarce ninkin na 2010. Duk ɗan takarar da zai shigo Anka da tuta a gaban motarsa kafin zaɓen 2027, a tambaye shi wa ke auna jinin yaran ƙauyukan nan yanzu, sau nawa a shekara, kuma daga wane layi na kasafin kuɗi ake biya.